Tambayoyi da amsoshi: in gidan rediyo ya canja hannu, me ke samun shirye-shiryen da muka saba ji?

Salamu alaikum jama'a. Tun da aka fara maganar cewa ɗaya daga cikin tashoshin birni da muke kamawa a nan yankinmu na Ringim da Taura ta koma hannun wasu mutane daban, ban huta da tambaya ba, a majalisa, a ƙofar masallaci bayan la'asar, har a kasuwar Gujungu ranar Lahadi sai mutum ya tsayar da ni yana riƙe da igiyar akuya ya ce malam wai me ya samu shirin nan namu. Dalili kuwa na yi shekaru ina aika rahoto daga ƙauye, kuma littafin ƙungiyar masu sauraro ta garinmu a hannuna yake. Shi ne na ce bari in tattara tambayoyin da aka fi yi min in amsa a wuri ɗaya. Ba zan kama sunan tashar ba, tunda abin da zan faɗa zai iya samun kowace tasha ta ƴan kasuwa.

Wai dama ana sayar da gidan rediyo ne kamar yadda ake sayar da gona?

Ana sayarwa, amma ba kamar gona ba da za a kira mai unguwa da shaidu a yi ciniki a tashi. Gini da kayan situdiyo da janareta na mai su ne, ya ga dama ya sayar. Lasisi kuwa na gwamnati ne, hukumar NBC ce take kula da shi, ita ce aka kafa a 1992 zamanin mulkin Babangida da doka mai lamba 38, kuma wannan dokar ce ta buɗe wa ƴan kasuwa ƙofa. Kafin nan ai sai gidajen gwamnati, rediyon Kaduna da rediyon Kano, su muka tashi muka ga iyayenmu suna ji. Tashar farko mai zaman kanta ita ce Raypower a Legas, 1994, mu kuma nan arewa a ƙarshen 2003 Freedom ta fara a Kano, daga nan fa aka yi ta buɗewa har yanzu in ka murɗa akwati a Kano ba ka gama ƙirga tashoshin ba sai ka gaji.

Lasisin na shekara 5 ne ana sabuntawa, kuma ba a miƙa shi ga wani haka kawai ba da sanin hukuma ba. Shi ya sa yawanci ba lasisin ake saya ba, hannun jarin kamfanin da yake riƙe da lasisin ake saya. Kaga suna yana nan, mita tana nan, taken buɗe tasha ma yana nan, amma wanda yake sa hannu a cek ɗin albashi ya canja. Wani lokacin ma ba ciniki aka yi ba, mai tashar ne Allah ya yi wa rasuwa magada suka karɓa, ko bashi ya yi yawa aka shigo da mai kuɗi ya zama shi ne da magana, ko kuma a ba wani kamfani hayar gudanarwa na wasu shekaru. Duk ɗaya ne a kunnen mai sauraro.

Me zai sa mutum ya sayar da tashar da ake ji har ƙauye?

Dizal, ɗan'uwa. Tasha tana cin wuta tun asuba har tsakar dare, tiransimita ba ta son ɗaukewar wuta ko na minti ɗaya, ga na'urar sanyaya ɗaki da dole ta yi ta aiki don kar kaya su ƙone, wutar KEDCO kuma kowa ya san ba a dogara da ita ita kaɗai. Litar dizal ta haura naira dubu tun 2023. Ga albashi, ga haraji, ga kuɗin sabunta lasisi. A watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya kai naira biliyan 2.6, daga baya ta dakatar da matakin, amma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa yawan masu sauraro daban, kuɗi a asusu daban. Mu a ƙauye muna ji sosai, sai dai manyan kamfanonin da suke biyan talla mai tsoka a Legas suke yanke shawara, kuma ba su cika lissafa manomin Taura ba.

Malam, to wane shiri ne yake fara tafiya in sabon mai gida ya zo?

Nan ne fa abin yake min ciwo, ku yi haƙuri in na tsawaita.

Sabon mai tasha in ya zo abu na farko da yake nema shi ne jadawalin mako, a ajiye masa shi kusa da takardar kuɗin shiga, sai ya bi awa-awa yana tambaya wannan wa yake ɗaukar nauyinsa, wannan nawa yake kawowa. Duk shirin da aka ce masa ai wannan na hidimar jama'a ne ba mai ɗaukar nauyi, to an sa masa alama. Kuma abin takaici, shirye-shiryen da mu mutanen karkara muka fi amfana da su sune irin waɗannan. Shirin noma da ake gayyato malamin gona daga hukumomin bunƙasa noma na Jigawa da Kano, wato JARDA ko KNARDA, ya yi bayanin lokacin shuka da yadda ake gane takin jabu da maganin tsutsar masara. Farashin kasuwanni, nawa aka sayar da buhun gero a Dawanau, yaya shanu suka kwana a Wudil ranar Juma'a, yaya aka tashi a Maigatari ranar Alhamis. Cigiyar yaro ko ta dabba da a da ake karantawa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shirin makiyaya da Fulatanci. Gaishe-gaishen dare da tsofaffi suke jira su ji an ambaci garinsu.

Ba a cika soke su rana ɗaya ba fa, da haka ake yi da mutane sun yi ca. A hankali ake yi. Shirin noma da yake zuwa bayan isha, lokacin da manomi ya dawo ya ci tuwo ya miƙe ƙafa a tabarma, sai a mayar da shi ƙarfe 11 na safe lokacin da kowa yana gona, bayan wata biyu a ce ai ba a kiran waya a shirin, ba masu sauraro, a rage shi daga awa ɗaya zuwa minti 15, daga nan a yi ta maimaita tsofaffi, kana cikin kaka ana maka bayanin shuka, har ka daina nema da kanka. Filin bayan isha kuma an sayar da shi ga wanda zai biya.

A tashar da nake magana haka aka yi wa rahoton kasuwa. Ni ne nake aika na yankinmu, kuɗin mota da na kati kawai ake ba ni, wata rana aka kira ni aka ce an dakatar da wakilan ƙauyuka sai an gama tsari. Ba kuɗin ne ya dame ni ba wallahi, abin da ya dame ni shi ne na san mutane a garinmu da ba sa ɗora buhu a mota sai sun ji farashi, yanzu sai abin da dillali ya faɗa musu.

Yaya, mai gabatar da shirin da muke so mun daina jin muryarsa, korarsa aka yi?

Wani korarsa ake yi, wani shi yake tafiya. Tsofaffin ma'aikata albashinsu ya fi yawa, sabon manaja kuma yana zuwa da mutanensa. Akwai kuma tsarin da ake kawowa a ce wa mai gabatarwa kai za ka nemo mai ɗaukar nauyin shirinka a ba ka kaso, in ba ka samo ba ba shiri. Mutumin da ya iya hira da manomi da mai unguwa ba lallai ya iya zagayen ofisoshi neman talla ba, sai ya haƙura.

Kuma in irin wannan mutumin ya tafi ba murya kaɗai aka rasa ba. Shi ne yake da lambar sarkin noma da ta ungozoma da ta shugaban masunta a wayarsa, shi ya san bambancin Kafin Hausa da Kafin Babushe, in aka ce ruwa ya ci gari kaza ya san ta ina ake shiga. Yaron da aka ɗauko sabo ba laifinsa ba ne, amma sai ka ji yana karanta sunan garinku kamar sunan wata ƙasa. Ku bincika sauran tashoshi, galibi za ku tsince shi a wata, Kano yanzu ma'aikatan rediyo yawo suke yi tsakanin gidaje.

Mitar za ta canja? Sai mun sayi wani akwatin?

A'a Baba, akwatinka yana nan daram. Mita da lasisi take tafiya. Suna ne da take za su iya canjawa.

Me ya sa yanzu nake jin shiri iri ɗaya a tasha biyu ko uku lokaci guda?

Wannan yana faruwa in wanda ya saya dama yana da wasu tashoshin. A maimakon ya biya mai gabatarwa a kowane gari, sai a yi shiri ɗaya a babban ofis a jona sauran, ko a naɗe muryar mutum da rana a zuba a kwamfuta ta yi ta saki da daddare, kai kana ji kamar yana zaune a situdiyo alhali ba kowa a ginin sai mai gadi.

Ƙasashen da suka riga mu sun ga ƙarshen wannan hanyar. A Amurka an yi doka a 1996 da ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, kamfanin Clear Channel da yake da tasha wajen 40 kafin dokar, cikin ƴan shekaru ya kai wajen 1,200. A watan Janairun 2002 jirgin ƙasa ɗauke da sinadarin amoniya da ake taki da shi ya kauce daga layi da tsakar dare a wani gari da ake kira Minot, iska mai guba ta rufe unguwanni, mutum ɗaya ya mutu ɗaruruwa suka jikkata. Tashoshin kasuwanci 6 na garin duk na kamfanin nan ne. Ƴan sanda suka yi ta kiran tashar da aka ware don sanarwar gaggawa ba a ɗauka ba, kiɗa kawai yake tashi. Kamfanin daga baya ya ce hukumomin garin ne ba su yi amfani da na'urar gargaɗin yadda ya kamata ba, an yi ta jayayya a kai, amma mutanen da suka kunna rediyo a daren nan ba su ji abin da suke nema a kan lokaci ba. A Ingila ma a 2019 kamfanin Global ya soke gomman shirye-shiryen safe na garuruwa ya maye su da na Landan, a 2020 kuma kamfanin Bauer ya mayar da tashoshi kusan 50 da ya mallaka suna ɗaya.

Ni duk lokacin da na tuna labarin Minot, damina nake tunawa. Mu da muke gefen kogin Haɗeja mun san abin da ake nufi in aka ce madatsar Tiga ko ta Challawa ta cika ana sakin ruwa, mun ga 2020 mun ga 2022 yadda Ringim da Auyo da Miga da Kafin Hausa suka sha. A irin wannan daren netwok yana iya ɗaukewa, waya ba caji, akwatin batir ne kaɗai yake aiki. Abin da nake so in sani game da kowace tasha shi ne, ƙarfe 11 na dare akwai ɗan adam a gaban makirfo da zai iya katse shiri ya ce mutanen gari kaza ku tashi?

An ce ɗan siyasa ne ya saya, doka ta yarda?

Dokar NBC ta hana a ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi, amma ba ta hana mutum ɗan siyasa ya zama mai hannun jari a kamfani ba. Yadda za ka gane ba sai an faɗa maka ba. Ka saurari labaran safe na sati biyu, wa ake fara ambata, koken wace ƙaramar hukuma ne ya daina fitowa, in mai kiran waya ya fara maganar titin da ba a gama ba layin yana yankewa ko ana barinsa ya ƙarasa. Sojojin baka kuma dama filinsu saye ake yi, sai dai a da ka ji na kowane ɓangare, in tasha ta karkata sai ka ji ɓangare ɗaya ne yake samun lokaci mai kyau. Dokar zaɓe ta ce a ba jam'iyyu dama daidai lokacin kamfe, kuma a dakatar da tallan siyasa awa 24 kafin ranar zaɓe, wannan ya hau kan kowa ko wane ne mai tashar.

Tallan masu magani ya yi yawa, har da maganganun da ba ka iya ji da ƴaƴanka. Shi ma sabon mai gidan ne?

Sau da yawa eh, Hajiya. Mai magani kuɗi hannu yake biya, ba ya cewa a jira wata uku kamar kamfanonin Legas, tashar da take neman kuɗin dizal ɗin gobe kuwa ba ta iya mayar da shi. Ba ina kushe maganin gargajiya ba ne, da shi aka raine mu. Amma mutum ya yi rabin awa yana cewa garinsa yana warkar da suga da hawan jini da ciwon ƙoda duk a ƙulli ɗaya, tsohuwa a ƙauye ta ji a rediyo ta ajiye maganin asibiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tallan magani sai da amincewar NAFDAC, akwai kuma hukumar ARCON mai tantance tallace-tallace, kuna da damar kai ƙara.

Kuma filin da ake ba su galibi na shirin mata ne da na lafiya, wanda ake kawo ma'aikaciyar asibiti ta yi maganar awo da rigakafi da tamowa. Matan da suke cikin gida rediyo ce makarantarsu, suna surfe suna ji.

To duk sharri ne kenan, ba alheri a canjin hannu?

Akwai mana, kar in yi rashin adalci. Tashar da ma'aikata suka yi wata shida ba albashi, ana rufewa ƙarfe 2 na rana don a huta da janareta, in mai ƙarfi ya karɓa ya biya bashi ya sa sola ya sayi sabuwar tiransimita, sai ka ga garuruwan da da sai an ɗaura waya a jikin darbejiya ake kamawa yanzu suna ji tar. Wasu suna kawo shiri kai tsaye a Facebook, ɗanka da yake ci-rani a Fatakwal yana jin abin da kake ji. Wani sabon mai gidan ma ya fi na da sanin darajar karkara, musamman in shi ma ɗan ƙauye ne ko harkar noma yake yi. A tashar da nake magana ma sauti ya gyaru sosai, wannan gaskiya ce. Abin da nake dubawa kawai shi ne, da aka ƙara ƙarfin da zai kawo muryarsu garinmu, an bar hanyar da muryar garinmu za ta je wajensu?

Hukuma ba ta tilasta musu su riƙa yin shirin yankin da suke ba?

Ƙa'idar NBC ta ce mafi yawan abin da tasha take sakawa ya zama na cikin gida, amma cikin gida a wajensu Najeriya ake nufi. Shirin da aka yi a Legas ko Abuja an cika sharaɗi. Ba inda aka rubuta cewa sai an faɗi farashin riɗi a Gujungu.

Ta yaya zan san wanda ya mallaki tasha da gaske?

Ka fara sanin sunan kamfanin, don sau da yawa ya bambanta da sunan da ake kira a iska. Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni tana da bayanin daraktoci da manyan masu hannun jari, tun dokar kamfanoni ta 2020 dole ne a bayyana su. Yaro mai waya da data zai iya duba maka.

Kawu, mu da ba mu da kuɗi ba mu da hannun jari, akwai abin da za mu iya?

Akwai, amma da wuri ake yi, watannin farko kafin sabon jadawali ya zauna. In aka riga aka sayar da fili na shekara guda ko manaja yana so ba zai iya ƙwatowa ba.

Kiran waya a cikin shiri kana faɗa ba ya kaiwa ko'ina, mai gabatarwa ba shi yake yankewa ba. Takarda ake rubutawa zuwa ga janar manaja da shugaban sashen shirye-shirye, da sunan ƙungiya, a sa sunan shirin da lokacin da ake so a mayar da shi da jerin garuruwan da suke ji, dagaci ya sa hannu, in hakimi ya yarda ya fi, mutum uku su kai da ƙafarsu su karɓi shaidar an karɓa. Sabon mai tasha yawanci bai san iya inda ake jinsa ba, jerin garuruwan nan shi kansa abu ne da ƴan sashen talla za su nuna wa kamfanoni. In magana ce ta saɓa ƙa'ida, kamar batsa a talla ko hana wani ɓangare fili lokacin zaɓe, NBC tana da ofis a Kano.

Hanyar da na fi ganin tana aiki kuma ita ce a je da mai ɗaukar nauyi a hannu. Ƙungiyar manoman shinkafa, dilolin taki da iri, masu injin casa, masu sayar da famfon sola, duk mutanenmu ne kuma da mu suke ciniki, in suka haɗa kuɗin minti 15 a sati shirin noma ya daina zama na alfarma, ba wanda zai taɓa shi. Sai dai a yi sharaɗi tun farko malamin gona ya faɗi gaskiya ko da kayan mai ɗaukar nauyin ne ba su da kyau.

Wasu matasa sun tambaye ni batun rediyon al'umma, wadda gari ne yake mallakarta ba ɗan kasuwa ba. Akwai ta a doka, a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisi 17 na farko. Aiki ne mai tsawo, yana son rajista da amintattu da kuɗin gudanarwa na kullum, ban hana a fara tunaninsa ba. Amma a yanzu takardar neman a dawo da rahoton kasuwa muke haɗawa, garuruwa tara sun sa hannu, saura na gefen kogi da hanya ta hana mu zuwa. Wanda yake da babur kuma zai shiga can kafin Lahadi ya same ni a rumfar masu hatsi in ba shi kwafi.